Laifin Fidencio A Kicin Ɗin Mama

Har yau in na tuna dariyar da Yaya Rigo ya yi ranar, sai in ji jinina yana tafasa. Ƙato da shi, uban 'ya'ya biyu, wanda bai san inda ake ajiye cokali a gidanmu ba, shi ne har da riƙe ciki yana dukan tebur.

Lahadi ce, ranar da Baba ya yanka wa Fidencio ya dawo jin amsa. Can baya ya zo neman aurena yadda ake yi, shi da kawunsa Don Hilario, da kwandon kayan marmari da burodi mai zaƙi da kwalbar giyar tekila. Baba ya karɓi kwalbar, ya jujjuya ta, ya ce za a yi shawara. Kowa a garinmu ya san jan aji ne kawai, domin uban da zai hana ba ya karɓar kwalba.

Ni Nohemí, shekarata ashirin da shida, ni ke riƙe da kantin maganin da ke bakin dandali, likitoci ma suna tambayata abu. Amma da na tako gidan ubana, Don Eusebio Barajas, aikina shi ne ɗauko wannan, miƙa wancan.

Maza suka zauna a tebur bayan an taso daga coci. Baba a sama, sai Yaya Rigo, sai baƙin nan biyu, sai Don Crisóforo, wanda ya riƙe Yaya Rigo ranar baftisma, shi ya sa Baba ke ce masa compadre. Ba wanda ya gaya mini za a gayyato shi. Na dai san ya daɗe yana yi wa ɗansa Baldomero kamun ƙafa a kaina.

Mama tana kicin a tsaye gaban kasko, tana gasa gurasar masara ɗaya bayan ɗaya, ni ina kaiwa da zafinta. Haka na buɗe ido na gan ta. Sai maza sun ƙoshi sun tashi, sannan ta tsaya jikin murhu ta ci abin da ya rage. Ƙafafunta sun kumbura, jijiyoyi sun yi tsiri-tsiri, kullum a naɗe suke da bandeji.

Ana cikin cin farfesun akuya, Fidencio ya leƙa ta ƙofar kicin ya ce, "Doña Amparo, ban ga kin sa komai a baki ba."

Mama ta yi murmushi. "Ci abinka, ɗana. Namu ba ya gudu."

Na ga idonsa ya sauka kan bandejin nan, ni kuwa na san halinsa. Yana da shekara goma sha biyu ubansa ya tsallaka iyaka ya tafi Arewa neman aiki, bai sake waiwayo su ba. Daga baya ɓarin jikin mahaifiyarsa ya shanye. Shi ya yi wa ƙannensa mata girki da wanki da kitso har suka girma. Na harare shi, na girgiza kai, amma ina! Ya riga ya miƙe.

Ya tattara kwanonsa da na kawunsa, ya shige kicin. Ya zaro rigar girkin da ke rataye a ƙusa ya ɗaura, ya jawo kujera.

"Mama, zauna ki ci da zafinsa. Ni zan ƙarasa gashin."

Ya sa yatsu ya juya gurasa a kan kasko, ta kumbura fam, kamar wadda Mama ta gasa.

Sai Yaya Rigo ya fashe da dariya.

"Baba! Ashe suruka aka kawo maka, ba suruki ba!"

Don Crisóforo ya goge gashin baki, ya ce a hankali, "Compadre, na sha ganin mijin-ta-ce, amma ban taɓa ganin wanda ya kama aiki tun kafin a ɗaura ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya buɗe kabad, ya ɗauko kwalbar nan da murfinta yadda aka kawo ta, ya dire ta gaban Don Hilario.

"Ku ɗauki kayanku."

Tsohon ya rikice. "Haba, Don Eusebio! Yaro ne, tausayi ne ya ɗebe shi."

"Na ce ku ɗauki kayanku. Namiji na ce zan ba 'yata. Wanda ya ɗaura rigar mata a gidan surukai, me zai ɗaura a gidansa?"

Fidencio ya fito da rigar a jikinsa, hannunsa duk gari. "Ranka ya daɗe, ban yi don raini ba. Ƙafarta na gani."

"Ƙafar matata ce ko ta uwarka?"

Na ce, "Baba!"

"Ke, rufe mini baki! Da manya ake magana."

Fidencio ya kwance rigar, ya ninke ta, ya ɗora a kan kujera. Ya dube ni sau ɗaya, ya bi kawunsa suka fita. Yaya Rigo har da ɗaga murya yana cewa ya dawo ran Asabar akwai wanki.

Na faɗa kicin ina huci, a zatona ko Mama za ta tsaya mini. Ashe ta fi Baba ɗaukar zafi. Na same ta tana kankare kasko kamar za ta huda shi.

"Kin ga abin da kika jawo mini? Kin gani?"

"Mama, me ya yi? Cewa ya yi ki zauna!"

"Ya tozarta ni, ga abin da ya yi! A gaban compadre! Gobe war haka zance ya kai kasuwa, a ce Amparo ta tsufa, ta kasa ciyar da mazan gidanta sai da baƙo ya kama mata. Tun da aka kawo ni gidan nan namiji bai taɓa taka kicin ɗina ba. Nan kaɗai ne nawa, Nohemí. Nan ɗin ma sai an shigo mini?"

"To da ya zauna yana kallon ki kina ɗingishi, shi ne mutunci?"

"Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi."

"Kuma a tsaye suka mutu!"

Ban rufe baki ba na ji mari. Ta tsaya tana kallon hannunta, ni ina dafe da kunci, hawaye na zuba. Na ce, "Ƙara mini, Mama. Amma ki gaya mini, yaushe rabon da ki ci abinci mai zafi? Yaya Rigo ya taɓa tambayar ki? Baba fa?"

"Fita ki ba ni wuri."

Na fita. Da na dawo ɗaukar tsintsiya, na hango ta tsaye jikin murhu da gurasar nan da Fidencio ya gasa, tana gutsura tana taunawa a hankali. Ta gan ni, ta haɗe rai.

"Me kike kallo? Ba a zubar da abinci."

Kwanakin da suka biyo baya ban yi wa kowa magana a gidan ba sai gaisuwa. Ran Alhamis Fidencio ya shigo kanti sayen maganin mahaifiyarsa. Ya rame. Ina ganin sa, maimakon tausayi, sai haushi ya turnuƙe ni.

"Sannu, gwanin gashi. Ka kyauta. Shekara biyu muna lallaɓa tsohon nan, ka rushe komai saboda gurasa."

"Nohemí..."

"Ban girgiza maka kai ba? Ba za ka iya zama na minti goma kamar sauran maza ba?"

Ya ce, "Zan iya. Amma in na zauna ranar, zama zan yi ta yi. Wata rana ke ce a tsaye da bandeji, ni ina jiran a kawo mini. Haka kike so?"

Sai na fashe da kuka. Na riƙe hannunsa ta saman teburin kanti.

"To ka je ka ba shi haƙuri."

"In ce masa me? Na tuba da na ga tsohuwa tana jin yunwa?"

"To ka sace ni! Rabin matan garin nan sace su aka yi, daga baya a ɗauki Fadan coci a je neman gafara. Ka zo da motarka, in fito."

Ya girgiza kai. "Ubana ta bayan gida ya fita, ba wanda ya sa masa albarka. Kin ga abin da ya bari. Ba zan fara gidana da haka ba."

"Wato ka bar wa Baldomero ni ke nan? Ran Lahadi za su zo shi da ubansa, Yaya Rigo ya faɗa."

Na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Sannan ya ce, "Ran Lahadi ina kan bencin da ke ƙarƙashin bishiyar lemo, gaban coci. In kin zo da albarkar ko mutum ɗaya cikin iyayenki, zan kai ki gidan gwaggona ki zauna har a ɗaura. In babu, ba zan taɓa ki ba."

"Mutum ɗaya? Wa? Baban da ya kore ka, ko Maman da ta mare ni a kanka?"

Ya ɗauki maganinsa ya fita, ni kuwa na bi bayansa da harara, ina son sa ina jin kamar in jefe shi da ma'auni.

Daren Asabar ban roƙi kowa ba. Da safen Lahadi, muna murza ƙullu ni da Mama, na ce, "Mama, yana jira na gaban coci. Albarkarki kawai yake so."

Ko kallona ba ta yi ba. "Albarka ta ubanki ce. Ni ba na wuce gabansa."

"Ko da Baldomero zai ba?"

"Baldomero yana da gonaki, ba za ki wahala ba."

"Yana kuma da mace da ɗa a garin gaba, kowa ya sani!"

"Namiji ne. Miƙo mini gishiri."

Namiji ne! Wannan kalma ta ishe ni. Yaya Rigo ya kwana a mashaya, namiji ne. Baldomero ya ajiye mace a waje, namiji ne. Fidencio ya juya gurasa, shi ne za a kora kamar ɓarawo.

Bayan coci Don Crisóforo da ɗansa suka iso. Baldomero ya shigo da ƙatuwar malafa da takalman fata masu tsini, turarensa ya riga shi shiga ɗaki. Ya zauna ya baje ƙafafu kamar gidan ubansa. Kujerar da Fidencio ya zauna a kai wancan makon ita kaɗai ce babu kowa.

Baba ya yi gyaran murya. "Nohemí, zuba wa Baldomero abinci. Da hannunki."

Babu wanda bai san ma'anar wannan ba. Budurwar da ta zuba wa saurayi abinci a gaban ubanta da nasa, ta amsa ke nan. Na tsaya ƙiƙam.

"Ba ki ji ba ne?"

Na shiga kicin. Mama ta miƙo mini kwano ba tare da ta ɗago ba. Na zuba farfesu, romo ya zubo mini a yatsu. Na ce a hankali, "Mama, don Allah." Ta juya gurasa.

Na fito da kwanon. Baldomero yana murmushi.

"Kar ki cika albasa, 'yan mata. Gara ki fara koyon yadda nake so tun yanzu."

Suka yi dariya. Ya sa hannu a kwandon gurasa, ya taɓa ta sama, ya yatsine fuska. Sai ya ɗaga kwandon sama, ya kaɗa yatsu ƙas-ƙas wajen ƙofar kicin, yadda ake kiran yaron mashaya.

"Doña! Wannan ta huce. A kawo mai zafi, a ɗan yi sauri."

Na dubi Baba. Na rantse na zaci zai yi magana. Matarsa ce fa aka kaɗa wa yatsu a gidansa. Amma sai ya juya ya ce, "Amparo, ba ki ji baƙo ba?"



Can sai ga takun Mama, tana jan ƙafar hagu. Ba gurasa a hannunta. Ta tsaya ta dubi Baldomero, ta dubi Yaya Rigo, ta dubi Baba. Sannan ta zare kwanon daga hannuna, ta jawo kujerar nan da babu kowa, ta zauna. Ta ɗauki cokalin da aka ajiye wa Baldomero, ta kai loma.

Yaya Rigo ya saki baki. "Mama, lafiya?"

Baba ya ce, "Amparo, me kike yi?"

"Abinci nake ci."

"Tashi."

Ta ƙara loma. "Ashe haka farfesuna yake da zafi. Da daɗi kuwa."

Baba ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle. "Na ce ki tashi! A gaban compadre za ki kunyata ni?"

Mama ta ajiye cokali. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Eusebio, tun ina yarinya nake tsaye a bayanka. Na haifa maka ɗa, na ciyar da shi har ya yi gashin baki. Cikinku wa ya taɓa cewa, Amparo, kin ci? Mutum ɗaya ne ya tambaya, ɗan mutane, shi kuka kora kuna dariya. Ni ma na taya ku, har na mari 'yata. Yau ga wanda ka zaɓa, ko aure ba a ɗaura ba yana kira na da yatsu, kai kuma kana tayawa."

Don Crisóforo ya ce wa Mama, "Haba, comadre, wasa ne na yara."

"Kai ma ka ci abinka, compadre, ba da kai nake ba."

Baldomero ya sauke kwandon a hankali, ya rasa inda zai sa ido.

Baba ya juyo kaina, fuskarsa ta yi jawur. "Ke kika zuga ta! To ki ji da kyau. Ki koma ki zubo wani kwanon ki ba yaron nan, ko kuwa ki fita, kuma in kin fita babu albarkata a kanki har in mutu."

Ubana ne. Shi ya goya ni a wuya ya kai ni kallon wasan wuta ina ƙarama, shi ya sayar da saniya na yi karatu. Na ce cikin kuka, "Baba, don girman Allah kar ka ce haka. Ni fa 'yarka ce. Me Fidencio ya yi maka da ya kai wannan?"

"Na gama magana."

"Nohemí," in ji Mama. "Zo nan."

Na matsa.

"Durƙusa. Ni ba zan tashi ba."

Na durƙusa a gabanta. Baba ya ce, "Amparo, kar ki kuskura!" Ta goge yatsunta a jikin rigarta, ta yi mini alamar gicciye a goshi, da ƙirji, da kafaɗu biyu, ta kawo yatsun bakina na sumbata. Suna warin masara da hayaƙi.

"Allah ya yi miki albarka, Budurwa Maryamu ta rufa miki baya. Je ki, kar ya gaji da zama." Ta kwance mini igiyar rigar girki da kanta. "Ki ce masa gurasarsa ta yi, amma ya rage wuta kaɗan."

Na miƙe. Baba ya juya mini baya, yana kallon bango, kafaɗunsa na hawa da sauka. Na tsaya ko zai waiwayo. Bai waiwayo ba, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da marin Mama.

Ina kaiwa bakin ƙofa na ji ƙauri. Gurasar da Mama ta bari a kan kasko ce ta kama, hayaƙi baƙi yana tuɗaɗowa daga kicin yana cika ɗakin. Maza huɗu suna wurin, taku kaɗan tsakaninsu da murhu. Yaya Rigo yana tari, Baldomero yana fifita da malafa, kowa yana kallon kowa, ba wanda ya motsa.

Baba ya daka tsawa. "Amparo! Abu yana ƙonewa!"

Mama ta jawo kwanon kusa, ta tsamo tsoka.

"Na ji ƙaurin," ta ce. "Ga ƙofar kicin can, ba a kulle take ba."